Tambaya da Amsa: Shin Kuɗin Ƙasa Na Ƙara Wa Mutanenta Tsawon Rai?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato alƙaluman nan na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka riƙa turawa a WhatsApp da Facebook masu cewa tsawon ran ɗan Najeriya bai wuce shekara 54 ba. Na tsinci guda biyar daga ciki, sauran ku yi haƙuri, amsarku na cikin na 'yan'uwanku.

Tambaya: Malam, ni tsohon malamin firamare ne, yau shekarata 67 kuma alhamdu lillahi da ƙafata nake zuwa masallaci. Mahaifina ya haura 90 kafin Allah Ya yi mishi rasuwa. To wai su waye waɗannan da ake cewa suna mutuwa a 54? Ni dai inaga ƙaryar Turawa ce kawai. Daga wani dattijo a Funtuwa.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifi. Ba ƙarya ba ce, kuma ba wai cewa aka yi kowa in ya kai 54 ya fara shiri ba. Lissafin matsakaici ne, kuma tunda alli ka riƙe shekara da shekaru bari mu yi shi irin na aji. A ce an haifi jarirai 10 a unguwa ɗaya, biyu suka koma tun suna goye, takwas ɗin suka rayu kowa ya kai 70. Takwas sau 70 ya ba ka 560, ka raba wa mutum goman da aka haifa, 56 kenan. Kaga babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya mutu yana da 56, amma lissafi ya ce 56. Su biyun nan da ba su ma yi wayo ba su suka jawo adadin ƙasa.

Yanzu Baba ka tambayi kanka, su nawa mahaifiyarka ta haifa kuma su nawa suka girma? Yawancin gidajenmu in ka zauna da tsohuwa za ta ce ma haihuwa tara na yi, biyar ne a raye, ta faɗe shi haka kawai ba tare da ko muryarta ta canza ba saboda ta saba. To waɗancan huɗun su ne ba ka gani a sahun masallaci, shi ya sa kake ganin kamar kowa na tsufa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya sauko zuwa 110. Amma inda abin ya fi ciwo shi ne in aka rarraba jiha jiha, a na 2018 ɗin Ogun 30 ce, Kebbi kuwa 252, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Ƙasa ɗaya, naira ɗaya, shugaban ƙasa ɗaya.

Kuma ba yaran kaɗai ba ne gaskiya. Matar da ta rasu wajen haihuwa tana 'yar shekara 19, saurayin da tirela ta bi ta kansa a hanyar Zariya, magidancin da hawan jini ya kayar yana da 45 bai taɓa sanin yana da shi ba, duk suna cikin lissafin.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina shiga Jibiya da Kano sarin kaya tun ina yaro. Kullum 'yan'uwanmu na Najeriya suna mana gorin talauci, to sai ga shi na ji wai mu 'yan Nijar mun fi su tsawon rai. Yaya haka, ba cewa ake mai kuɗi shi ya fi daɗewa ba? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

Amsa: Alhaji kai kam ka samu abin rama gori. Haka alƙaluman suke, Nijar wajen 61, Najeriya wajen 54, Chadi wajen 55, Ghana kuwa ta kai wajen 65. Alhali an daɗe ana lissafa abin da ke faɗawa kan kowane ɗan Najeriya in aka raba arziƙin ƙasa daidai wa daida ya ninka na ɗan Nijar sau uku ko ma fiye, sai bayan faɗuwar naira ne tazarar ta ragu.

Maganar cewa ƙasa mai kuɗi ta fi tsawon rai gaskiya ce in ka kalli duniya gaba ɗaya. Wani masanin ƙidayar jama'a ɗan Amurka, Samuel Preston, a 1975 ya jera ƙasashe a kan takarda, gefe ɗaya kuɗin shiga gefe ɗaya tsawon rai, sai ya ga a wajen ƙasashe matalauta kuɗi kaɗan in suka ƙaru shekaru na ƙaruwa sosai, amma da ƙasa ta kai wani matsayi sai abin ya lafa, ƙarin kuɗin ba ya ƙara komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kamar mayunwaci ne da tuwo, malmalar farko ita ke tada shi tsaye, ta biyar kuwa sai dai ta sa shi barci. Kuɗin farko su ke sayen ruwan famfo, masai, allurar rigakafi, abinci da ungozomar da ta yi karatu, waɗannan kuwa su ke hana yara mutuwa.

Amma akwai abu na biyu da mutumin ya gano wanda ni a ganina ya ma fi na farkon muhimmanci. Da ya gwada shekarun 1930 da na 1960 sai ya ga yawancin ƙarin tsawon ran da duniya ta samu ba daga ƙarin kuɗi ya zo ba, daga sabon ilimi da magani ya zo, ƙasa na nan da talaucinta amma mutanenta sun ƙara shekaru saboda an samu rigakafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Agana ai ba arziƙi ne ya kore ta daga ƙauyukanmu ba, lamba ce aka bi gida gida ana yi wa mutane a dantse har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Duba dantsen duk wanda ya haura 50 za ka ga tabon.

To Nijar abin da ta yi kenan da ɗan abin hannunta. Zamanin marigayi Tandja Mamadou aka giggina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka wajen 2,000, sannan a 2006 aka ce duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, awon ciki ma haka, tiyatar haihuwa kuwa tun ƙarshen 2005 aka ce kyauta ce, aka haɗa da rabon gidan sauro da ciyar da yara masu tamowa. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin 1,000, har masana daga waje suka riƙa zuwa suna nazarin yadda aka yi. Najeriya kuwa a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau muna ta dabur-dabur a wajen kashi 5, kuma cikin duk naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar sama da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa take fitowa. Duk wanda ya taɓa kai mace haihuwa asibitin gwamnati ya san takardar nan da ake miƙo ma tun a bakin ƙofa, safar hannu, auduga, reza, ledar ƙarin ruwa, sirinji, sabulu, wani lokacin har man janareta, kana tsaye a kemis kana lissafi tana ciki tana naƙuda.

Sai dai Alhaji kar ka yi saurin zuwa Jibiya da wannan labari, tsaya ka ji ragowar. A yau mutuwar ƙananan yara a Nijar da Najeriya kusan kunnen doki ce, dukkansu sun haura 100 cikin 1,000, dukkansu suna sahun ƙarshe a duniya, kuma kyautar maganin nan ku kun fi ni sanin yadda ta koma, gwamnati na jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu sai ka je a ce duba kyauta ne amma magani babu, je ka saya. Inda tazarar ta fi fitowa a wajen manya ne. Mata masu mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya sun kusa 1,000 cikin haihuwa 100,000, na Nijar bai kai rabin haka ba, Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Cutar ƙanjamau ma ta fi yawa a Najeriya nesa ba kusa ba. Kuma duk waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne daga bincike na gida gida, don a ƙasashen biyu mutum zai rasu da asuba a kai shi makwanci kafin azahar ba wanda ya rubuta ko'ina.

In kana son ganin inda kuɗi suka zo amma ba su sauka kan mutane ba ka dubi Equatorial Guinea. An samu mai a can a shekarun 1990, jama'arsu ba yawa, a takarda har sun taɓa kamo wasu ƙasashen Turai wajen kuɗin shiga, amma tsawon ransu bai kai na Senegal ba wadda ko kusa ba ta da irin kuɗinsu. Sannan ka dubi Bangladesh, wadda a wajen 2019 kuɗin shigar mutum ɗaya kusan ɗaya yake da na Najeriya, su sun haura shekara 70. Ɗaya daga abin da ya taimake su ba wani abu ne mai tsada ba, a shekarun 1980 ƙungiyar agaji ta BRAC ta tura mata gida gida suka koya wa iyaye mata miliyoyi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa, ga rigakafi ga sa 'ya'ya mata a makaranta.

Tambaya: Yayana yana Amurka, kullum yana ce min can ne ƙarshen duniya wajen asibiti. To me ya sa a jerin da na gani Japan ce a sama ba su ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, yayanki bai yi ƙarya ba, in dai ana maganar na'urori da ƙwararrun likitoci ne kuma kana da kuɗin biya. Amurka na kashe wajen kashi 17 cikin ɗari na duk arziƙinta kan lafiya, ba ƙasar da ta kama ƙafarta, amma tsawon ransu wajen 78 ne, Japan na wajen 84. Kai har Costa Rica, 'yar ƙaramar ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka da ta rushe rundunar sojanta a 1948 ta karkata ga makarantu da asibitoci, ta kai wajen 80.

Abin da ke cin Amurkawa ba rashin asibiti ba ne. Ƙwaya na kashe musu matasa, akwai shekarun baya-bayan nan da sama da mutum 100,000 ke mutuwa a shekara ta wannan hanya kaɗai, ga bindiga a hannun kowa, ga haɗarin mota, ga ƙiba da ciwon suga, ga miliyoyin da ba su da inshorar lafiya suna tsoron zuwa asibiti saboda bashi. Wani bincike da aka fitar a 2016 ya nuna mazan da ke can ƙololuwar masu kuɗi sun fi mazan da ke can ƙasan talakawa tsawon rai da kusan shekara 15, a cikin ƙasa ɗaya fa. Ki gaishe da yayan naki, ki ce ya rage cin abincin kanti.

Tambaya: Malam ka ji tsoron Allah. Rai da ajali a hannun Allah suke, ba wanda zai ƙara wa wani ko daƙiƙa ɗaya. Wannan lissafi naku bai yi kama da shisshigi ba? Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

Amsa: Na gode da tunatarwa Malam, kuma ba musu, babu ran da zai wuce lokacinsa. Ni ba malamin addini ba ne amma wannan ƙissa sananniya ce tana cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham sai labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can, bayan shawara ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce mishi gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Lissafin nan bai ce wane zai mutu ranar kaza ba, ya ƙirga waɗanda suka riga suka tafi ne ya duba sababi. Kuma kai ɗan Zamfara ne, ka tuna 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, zinare ya yi tsada mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana daka su ana niƙa su a tsakar gida inda yara ke rarrafe, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa aka ba yaran magani, mutuwar ta ragu ƙwarai. Wanda ya ce a daina niƙa dutse a tsakar gida ai ba shisshigi ya yi wa Ubangiji ba.

Tambaya: Maigidana na da hawan jini, maganin da muke saya da can yanzu ya ninka ya sake ninkawa, har ya fara raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Ga yara huɗu. Wannan tsadar rayuwar za ta iya rage wa mutane kwana kuwa? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba maigida lafiya. Kafin komai, don Allah ya daina raba ƙwayar nan da kansa, hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau sai kawai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, kuma kuɗin wankin ƙoda na sati ɗaya ya fi kuɗin ƙwayar wata da watanni. Ya koma wajen likitansa ya faɗa mishi gaskiya ba kunya cewa wannan ya fi ƙarfina, akwai magunguna masu aiki iri ɗaya na wasu kamfanonin da ba su kai wancan tsada ba, a dai duba lambar NAFDAC a jikin kwalin.

Amsar tambayarki kuwa e, yana faruwa, kuma an gani a wasu wurare. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991 masana'antu suka rufe kuɗin mutane suka zama takarda, tsawon ran mazan Rasha ya faɗo daga wajen 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, ba wata sabuwar annoba, magidanta ne kawai suka rasa aiki suka faɗa shan barasa, ga ciwon zuciya ga kashe kai. Shekara shida cikin shekara huɗu. Amma ba dole ne hakan ta faru ba in hukuma ta tsaya. Botswana na da kuɗin lu'ulu'u, duk da haka ƙanjamau ta ja tsawon ransu daga sama da 60 zuwa wajen 50 a farkon shekarun 2000, sai gwamnatin shugabansu na lokacin, Festus Mogae, ta fara raba maganin kyauta a 2002 da kuɗin nan na lu'ulu'u da taimakon waje, yanzu sun dawo sun ma wuce inda suke da.

Mu nan tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma tunda yawancin magungunanmu ko kayan haɗa su daga Indiya da Sin ake shigo da su dole kemis ya bi dala. Yadda abin ke kisa ba da hayaniya ba ne. Yaro zai yi zazzaɓi a ce bari mu ga gobe saboda kuɗin adaidaita, a saya mishi rabin maganin maleriya, mai ciki ta tsallake awo, a cire wake da ƙwai da kifi daga tukunya a bar tsurar masara, watanni kaɗan sai ka ga yaro gashi ya yi ja ƙafa ta kumbura. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 kaɗai yara sama da 600 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina, waɗanda aka samu kai wa kenan.

Abin da ke hannunki yanzu, rigakafin yara kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi, ki duba katin kowannensu kar a bar ko ɗaya, musamman na ƙyanda da wanda ke kare mashaƙo tunda Kano ta sha fama da shi a 2023. In damina ta faɗi masu bi gida gida da maganin kariyar zazzaɓi na 'yan ƙasa da shekara biyar suka ƙwanƙwasa, ki karɓa ki kuma cika ba su na kwana ukun, kar a tsaya a na ranar farko. In yaro ya fara gudawa kuma babu haɗin gishiri da sukari na leda a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe ba a tula ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan kafin a isa asibiti. Shi kuma maigida ya leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA, ya tambayi tsarin da suke da shi na waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba da abin da ake biya, ya kuma tambaya ko maganin hawan jinin nasa na cikin waɗanda suke bayarwa kafin ya sa hannu.